Safa Tara a Jikin Itace

Noeleen na tsaka da juya kifi a cikin mai a shagon da take aiki, sai maƙwabciyarta Glenys ta bugo waya, ta ce katafila ta iso filin bakin teku. Litinin aka ce za a fara aikin, ga shi yau Alhamis. Noeleen ta danƙa wa mai shagon matsami, ko rigar aiki ba ta cire ba ta yi waje. Shekararta sittin da uku, gwiwa kullum cikin ƙorafi, amma ta cim ma bas ɗin sha ɗaya da rabi.

A filin nan gidan iyayenta yake kafin a rushe shi. Abin da ya rage itacen watil ne guda ɗaya, siriri, bai wuce kafaɗarta ba, mai farin fure da ke buɗewa a watan Yuli, lokacin sanyin ƙasarsu. Da ƙamshinsa ta tashi, tana sonsa kamar ɗan'uwa. Sau huɗu tana sayen dashen watil, tana ɗura masa taki kamar mai kiwon rago, sau huɗu yana mace mata a rairayin lambunta. Wannan kuwa ba ya dasuwa, in ka tone shi ka kashe shi. Sai dai iri, shi ma ba a tsinkarsa ɗanye, sai kwanson ya bushe ya fashe don kansa. Shi ya sa ta yayyanka tsofaffin dogayen safarta, ta ɗaure a kan kwanso guda tara don su tare mata ƙwayoyin. Jiya da ta duba, ko ɗaya bai fashe ba.

A bas ta kasa zama. Fasinjoji na tsine wa zafin Disamba, watan da rana ta fi ƙuna a ƙasarsu, ita tana roƙon Allah Ya ƙaro don kwanso su fashe.

Ta tarar an share rabin filin. Katafilar na tsaye taku biyar daga itacen, direbanta, wani ƙato mai suna Warrick, ya baje a inuwarta yana cin burodi da nama. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai taɓa ganin itace sanye da safar mata ba, shi ya sa ya tsaya ya ga mai ita.

“Mama, ke ce mai ƙafa tara?”

“Ni ce, ɗan nan. Ka taɓa su?”

Ya rantse bai taɓa ba. Ta bayyana masa komai cikin haki. Ya ce ƙarfe ɗaya shugabansa zai iso, daga nan ba shi da ta cewa, amma hutun cin abincinsa nasa ne. Ta roƙe shi ya tauna a hankali.

Suka zauna suna kallon safa. Rana ta take, rairayi na ƙona tafin hannu. Can sai suka ji ƙas, ƙarama ƙwarai. Noeleen ta rarrafa ta girgiza safa ɗaya, ta ji abu na kacau-kacau a ciki. Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Kafin ka ce me ƙaton nan ya ajiye burodinsa, yana durƙushe yana kasa kunne, yana nuna mata wadda ta fashe. Da motar shugaban ta ɓullo, shida sun fashe. Ƙwaya talatin da ɗaya, baƙaƙe masu sheƙi.

Ta juya baya lokacin da injin ya tashi. Ba ta so ta gani, amma ta ji.

Ta kai titi Warrick ya biyo ta da sassarfa. Ya ce kada ta shuka ƙwayoyin haka nan, ta tafasa ruwa ta kwara musu. Mahaifinsa ɗan sa-kai ne wajen kashe gobarar daji, shi ya nuna masa irin watil ba ya farkawa sai ya sha zafi. Wadda ta kumbura ta farka. Taki kuma ta bar wa tumatir.

Da Glenys ta ji, cewa ta yi rana ce ta taɓa mutumin.

“Idan suka dahu fa?”

“Sai ki zo da cokali.”

Da wasa Noeleen ta faɗa. Ta zuba ƙwayoyin a kofi, ta ɗaga butar tafasasshen ruwa. Itacen ya tafi, waɗannan ne kaɗai a duniya. Ta rufe ido ta kwara, ta jawo kujera ta tasa kofin a gaba.

Wajen shida na yamma ta ga ɗaya ta ninka 'yan'uwanta girma. Ta zabura ta ɗauko waya don ta yi albishir, ta bi sunaye daga sama har ƙasa. Duk waɗanda suka san ƙamshin nan a gidansu sun riga ta gidan gaskiya. Ta ajiye wayar, ta fita lambu neman inda rana ta fi bugawa.