Ƙaramar Motar Likita

Wata uku cur mijina yana wanke motar da sau ɗaya kawai ya tayar. Ni ban sani ba sai ranar Laraba da safe, da na tarar da shi zaune a bakin gado, waya a hannu, shayinsa ya huce, yana kallon bango kamar an aiko masa da sammaci.

"Baban yara, lafiya?" na tambaye shi.

"Likita ne ya kira. Yau zai sauka, abokinsa zai ɗauko shi daga filin jirgi. Ya ce da yamma yana so ya ɗan zaga da ƙaramar motar."

"To ina abin damuwa?"

"Batirinta ya mutu."

Shekara talatin da takwas ke nan yana tuƙi a gida ɗaya. Ya tuƙa uban har ya rasu, ya ci gaba da tuƙa ɗan, wanda yanzu likita ne a babban asibiti. A can Baba Direba suke ce masa. Motoci biyu ne a gidan. Babbar mai tsayi ce, hawa ake yi, da ita yake kai Likita aiki kullum. Ƙaramar kuwa motar tsere ce, rawaya, kujera biyu, cikinta saura ƙiris ya shafi ƙasa. Ni dai ban ga amfaninta ba. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar baƙi, sai gudu da ƙara. Amma Likita yana ji da ita, kuma da zai tafi kwas na wata uku hannun mijina ya danƙa makullin, ya ce a tayar da ita duk mako, kada kowa ya taɓa ta in ba shi ba.

"Kai da ba ka mantuwa, me ya hana ka tayar da ita?" na ce.

Ya dubi gwiwarsa ta hagu. Nan na gane. Gwiwar nan ta yi watanni ba ta lanƙwasuwa, har salla a kan kujera yake yi a gida. Ya ce a makon farko ya shiga motar ya tayar, da zai fito sai da ya yi rabin awa yana kokawa da ƙofa shi kaɗai a gareji. Tun daga ranar bai sake shiga ba. Sai ya wanke ta, ya goge, ya mayar da mayafinta, yana ce wa kansa mako mai zuwa gwiwar za ta saki.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don motar ba, don ɓoyon da ya yi mini. "Ai sai ka gaya wa Likita gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Kafin ya tafi ya ce mini in fara tunanin hutawa," in ji shi. "Idan ya ji ba na iya shiga mota, hutun ya zo ke nan. In zauna in yi me? In dinga ƙirga miki zare?"

Ni tela ce, kuma na san abin da zama zai yi wa mutumin nan. Ko ranar da ba aiki sai ya kwance fanka mai lafiya don ya ga abin da ke cikinta. Na ture ɗinkin da ke kan keke, na yafa mayafi.

Muka fara biyawa ta shagon ƙanina, mai wayarin mota ne. Da ya ji irin motar sai ya fashe da dariya. "Yaya, mijinki ya taro aradu da ka. Wannan injinta a baya yake, batiri a gaba, kuma murfin gaban da wuta yake buɗewa. Batiri ya mutu, murfi ya rufe a kansa. Ku bari in bi ku."

"Likita ya ce hannuna kaɗai," in ji mijina.

"Likita yana sama cikin jirgi, ina zai gani?"

"Ni zan gani."

Ƙanina ya girgiza kai, ya fito da sabon batiri da wayoyi biyu masu baki, ja da baƙa, da sifana ƙarama. Ya ce in mun isa mu kira shi. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce in taurin kai ne to gara in riƙe masa tocila da kyau.

Tasi ta sauke mu a ƙofar gidan wajen sha ɗaya. Maigadi ya so ya taya mu, mijina ya ce ba komai, don bakin mutumin ba ya rufuwa. A baron mai kula da fulawa muka ɗora batirin muka tura shi har gareji. Ya yaye mayafin motar, sai ga ta tana sheƙi kamar yau aka sayo ta. Tsabta dai ba a magana. Ya danna makulli, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Na kira ƙanina na sa wayar a kan murfin. Ya ce a zaro ɗan ƙarfen da ke ɓoye cikin makullin a buɗe ƙofa da hannu. Aka buɗe. Ya ce a ƙarƙashin sitiyari, wajen da ƙafar direba take, akwai akwatin fis, a cikinsa akwai wani jan maɓalli da za a jawo, nan za a maƙala jar waya, baƙar kuma a jikin ƙarfen ƙofa, a jona su da sabon batiri, sannan a danna maɓallin buɗe murfin.

Muka dubi wurin tare. Yana can ƙasa, cikin lungu, sai mutum ya durƙusa.

"Kawo in yi," na ce. "Gwiwata lafiyarta lau."

"Riƙe tocila."

Ya samo kwali ya shimfiɗa. Tunda durƙuso ya gagara, kwanciya ya yi. Ya dafa motar, ya miƙe ƙafar hagu sambal, ya sulale a hankali har ya kai ƙasa, sannan ya juya kan haƙarƙarinsa ya cusa kai da kafaɗa cikin lungun. Dattijo mai shekara sittin da shida, da furfura, kwance a ƙasan garejin mutane. Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni, ban san wanne ya fi ba.

"Haska nan. Ba fuskata ba, nan."

"To ka daina motsi mana."

Sau uku bakin wayar yana suɓucewa. A na huɗu ya kama. Na danna maɓallin murfin kamar yadda aka ce, sai muka ji ƙas daga gaba, kuma nan take motar ta ɓarke da kuka, fitilu suna walƙiya, garejin kamar zai tsage. Maigadi ya sheƙo da gudu. Mijina yana kwance ya danna makulli kukan ya tsaya, ya leƙo daga ƙasa ya ce masa gwaji muke yi, ya koma bakin aikinsa.

Tashinsa daga kwalin wani aikin ne daban. Ya kama hannuna da hannu ɗaya, ƙofa da ɗayan, na ja har bayana ya amsa.

Daga nan aikin ya koma fagensa. Ya ɗaga murfin, ya cire marufin roba, ga tsohon batirin zaune a raminsa. Ƙanina ya fara cewa a soma kwance baƙar waya, mijina ya ce masa tun kafin a yaye shi shi yake kwance batiri, ya katse kiran. Ya kwance baƙar, ya kwance jar, ya sassauta ƙarfen da ke riƙe da gindin. Wajen ɗagowa ne tsugune ba ta ƙare ba, don abin ya fi kilo ashirin, kuma dole a sunkuya, ba a jingina da jikin motar kada a karce ta. Na cire mayafina na zura ta hannun batirin, ya kama gefe na kama gefe, muka ƙirga uku. Haka muka fito da tsohon, haka muka saka sabon. Mayafin dai ya tashi daga aiki, kuma na gaya masa a wuyansa yake.

Ya ɗaura jar, ya ɗaura baƙar, ya girgiza batirin ya ji bai motsa ba. Da ya rufe murfin ya danna makulli, fitilu suka amsa. Na ce alhamdu lillahi, mu tafi gida.

"Ba mu ji ta tashi ba," in ji shi.

"Ai ga wuta nan."

"Wuta daban, tashi daban. Wata uku tana tsaye. In Likita ya murɗa ta ƙi fa?"

Motar ba ta tashi sai an taka birki, ni kuma ban san birki daga totur ba. Dole mutum ya zauna a ciki. Ya tsaya a bakin ƙofar yana kallon kujerar nan da ke can ƙasa. Na tuna masa rabin awar da ya yi wancan karon, kuma a lokacin gwiwar ba ta kai haka ba. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ya tura kujerar baya iyakarta, ya ba ta baya, ya saki jikinsa ya faɗa kamar buhu, sannan ya sa hannu biyu ya ɗauki ƙafar hagu ya shigar da ita. Gumi ya karyo masa, amma bai yi ko nishi ba.

Ya taka, ya murɗa. Motar ta yi tari sau biyu, ta kama da wani irin ruri da na ji har cikin ƙirjina. Na wangale ƙofar garejin saboda hayaƙi. Da na waiwayo na ga yana murmushi, hannu a kan sitiyari, ya karkata kunne yana sauraron injin. Ya bar ta ta yi minti ashirin cif, sannan ya kashe.

Sai fita. Ya fito da ƙafar dama... a'a, ta hagun ce a bakin ƙofa, ita ce dole ta fara fita ta ɗauki nauyinsa, ita ce kuma ta ƙi. Ya kama saman ƙofa ya yunƙura, ya koma. Na kama shi ta hammata na ja, ƙarfina ya riga ya ƙare a kan batiri. Muka huta muka sake. Gwiwar ta kumbura har wando ya ɗame ta. Na ce bari in kira maigadi, ya ce in na kira shi ba shi ba ni. Muna cikin haka aka yi ham a waje, muka ji ana jan ƙofar gida.

Dabara ta faɗo mini. "Zauna abinka," na ce da sauri. "Ka ce ɗuma ta kake yi. Zan ja shi da gaisuwa ya shiga ciki, in ya so mu san abin yi."

Ya gyara hularsa, ya goge gumi da hannun riga.

Likita ya nufo garejin tun kafin a shigar da jakarsa. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce Mama yau a gidanmu, sannan ya shafa motar yana fara'a. "Baba, sannu da ƙoƙari. Kamar ban tafi ba. Fito in ji ta."

"Likita, sannu da hanya," in ji mijina. "Ba zan iya fitowa ba."

Likita ya tsaya da murmushinsa a fuska, bai gane ba.

"Sau ɗaya na tayar da ita tun tafiyarka. Gwiwata ba ta barina in shiga, na ji kunyar faɗa, batiri ya mutu. Ga tsohon can a baro. Sabo na saka yau da hannuna, ta tashi lafiya. Yanzu kuma ina so ka ba ni hannu."

Na sunkuyar da kai. Duk wahalar da muka sha tun safe, ga shi ya zubar da ita da bakinsa. Na ji kamar in yi kuka, amma ban taɓa alfahari da shi kamar lokacin ba.

Likita ya matso bakin ƙofar motar. Ya durƙusa da fararen kayansa a kan kwalin nan, ya sa hannun mijina a wuyansa, ya rungumo shi ya ɗago shi cak, ya zaunar da shi a kan benci. Ya sake durƙusawa, ya naɗe ƙafar wandon ya fara latsa gwiwar da yatsu.

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai ko takwas."

"Wato tun kafin in tafi. Kullum kana kai ni ƙofar asibiti, ka zauna a mota da wannan kana jirana."

Mijina ya miƙa masa makullin ƙaramar motar. "Wannan ta fi ƙarfina, riƙe abinka. Babbar ba ta fi ƙarfina ba. Ƙafar dama take so, kuma ƙafar dama lafiyarta ƙalau. In ka ce in huta, gidanka ne, motarka ce. Amma ni ban gaji ba."

Likita ya karɓi makullin ya juya shi a hannu.

"Gobe ƙarfe bakwai ka fito da babbar," ya ce. "Amma in mun isa ba a mota za ka jira ba. Tare za mu shiga, a ɗauki hoton gwiwar nan. Abin da hoton ya ce, shi za mu bi, ni da kai."

"In ya ce in ajiye tuƙi fa?"

"Sai ka yi gardama da shi, Baba. Na san za ka iya."

Da muka isa gida na ɗora ruwan zafi na gasa masa gwiwar, ya bar ni na yi ba musu, abin da bai taɓa yi ba. Da na gama ya ce in goge masa farar rigarsa ta aiki, kuma in shirya da wuri, don ba zai shiga wurin hoton nan shi kaɗai ba.