Sifilit

Tun da uwar yaran ta rasu nake kwana a ɗakin gaba, inda kowa sai ya bi ta ƙofata kafin ya shiga gida. Ran nan ɗana ya ce za a mai da ɗakin falo, a sa esi, injin sanyaya ɗaki, ni kuma in koma na baya, kusa da tankin ruwa.

"Can ya fi shiru, Baba."

Na ce ni ban taɓa kai ƙarar hayaniya ba. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Mai sa esin ya zo da kwali biyu, da wata kalmar Turanci a jikinsu. Na haɗa baƙaƙen da ɗan karatuna, ta ƙi fita.

Mai sa esin ya ce, "Sifilit ake cewa, Baba. Wato raba abu. Ɗaya a ciki, ɗaya a waje."

"Raba kamar gado, ko kamar faɗa?"

"Kamar faskare. Mata da miji ma in sun rabu, ita ce." Ya ɗaga ƙafa zai hau tsani, wandonsa ya yage. "To ga wani sifilit ɗin!"

Surukata ta yi ta dariya daga kicin. Ni dai kalmar nake juyawa. Itace da wando da aure, duk a baki ɗaya.

"Wanne ke aikin a cikinsu?"

"Na wajen. Amma gurnani gare shi, ga hucin zafi. Wa zai zauna da shi?"

Ƙarƙashin sabuwar tagata aka kafa shi. In ya fara gurnani, na san sun taru a falo. Na leƙa sau ɗaya, jikoki suka ce, "Kaka, rufe ƙofa, sanyi zai fita!" Sanyin kuma gwiwoyina ba sa ɗauka.

Jiya da la'asar aka ɗauke wuta. Suka fito baya suna fifita, ƙaramar jikata ta haye cinyata tana ba ni labarin haƙorinta da ke girgiɗi. Ba ta kai rabi ba injin ya yi tari, ya kama gurnani.

"An kawo!"

Ta zame ta bi su da gudu, ta bar takalminta ɗaya. Na shigar da shi ɗaki na ajiye a ƙarƙashin gado. Dole wani ya zo nema.