Bayan Takardar Saja Azariya

Saja Azariya ya sauko daga kan acaɓa rungume da firam kamar mai ɗauke da jariri. Tun daga Kagoma har Kafanchan bai bari ko ƙura ta taɓa gilashin ba. Takardarsa ta sallama daga aikin soja ce a ciki, wadda ta shekara tara a bangon falo, sama da hoton aurensa ma.

Ba ƙaramin abu ya kawo shi kwalejin kiwon lafiyar nan ba. Ya samu gurbin karatu a aji ɗaya, shugabar ajin kuwa 'yarsa ce ta cikinsa, Joanna. Ita ke kiran suna, ita ke miƙa wa wanda ya makara tsintsiya. Da ya ji ana yafe wa tsofaffin ma'aikata darussa in sun kawo shaidar horon da suka yi, sai ya hango mafita: a tsallakar da shi zuwa aji biyu, girmansa ya tsira. Ai duk Kagoma an san shi da jinyar sojoji a bakin daga. A labarin da yake bayarwa, harsasan da ya ciro daga cinyar wani kyaftin uku ne da farko, bara a Kirsimeti sun kai bakwai.

Malam Badruddeen, jami'in rajista, ya gyara tabarau ya duba firam ɗin.

"Saja, nan shekarun aiki kawai aka rubuta. Kwasa-kwasan da ka yi suna bayan takardar."

"Baya?" Azariya ya yi tari. "Oga, kafinta ya manne shi da gam a katako. Ba zai fita ba. Na ce masa ya sa gam da yawa... wato shi ne ya sa da yawa."

"Kwantar da hankalinka. Mutanenmu ba sa ganin takarda mai hatimi su ƙyale ta. Jiya ma wani ya kawo tasa haɗe da murfin kabad."

Malam Badruddeen ya zare gilashin firam ɗin, ya jona butar shayinsa, ya kara katakon a kan tururi. Da ganin hannunsa ka san ba yau ya fara ba. Karon farko a rayuwarsa Azariya ya roƙi Ubangiji a ɗauke wuta. Wutar kuwa, da ba ta taɓa yin awa biyu a jere ba, ranar ta ƙi motsi.

Takardar na fara ɗagowa sai ga Joanna ta shigo da rajistar aji a hannu.

"Baba, an gama?"

Malam Badruddeen ya juya takardar, ya karanta da ƙarfi, don shi mutum ne mai son a ji aikinsa: "Kuku, daraja ta ɗaya. Horon tsabtar abinci. Horon ciyar da bataliya."

Zufa ta karyo wa Azariya. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko gaban kwamanda. Ya kasa duban 'yarsa, ya tsaya yana ƙirga tayil ɗin ƙasa.

"Haba Baba," in ji Joanna. "Duk gida mun sani. Wane mai cire harsashi ne zai dafa jalof na mutum ɗari huɗu a bikin godiya na coci, ƙasan tukunya bai kama ba? Mama ce ta ce mu bar ka da kyaftin ɗinka."

Malam Badruddeen ya buga hatimi. "Darasi ɗaya muka yafe maka, Abinci da Tsabta. Sauran kana aji ɗaya."

Joanna ta zaro ido. "Abinci da Tsabta? Shi ne ya kayar da rabin aji bara! Ni ma tsoronsa nake ji."

Azariya ya ɗago kai a hankali. Kafaɗunsa suka koma inda suke.

"Ki same ni a kicin ranar Asabar, ƙarfe shida. Wanda ya makara zai yanka albasa."

"To. Kai kuma Litinin ƙarfe takwas, Baba. Tsintsiya tana bayan ƙofa."

A hanyar gida ya tsaya wurin kafinta, ya ajiye takardar da katakon a kan benci.

"A sa gam da yawa kamar wancan karon, Saja?"

"A'a," in ji Azariya. "Sa mini gilashi gaba da baya."