Taga a Gefen Suruka

Mainasara ya kutsa tsakanin wasu maniyyata biyu da suka tsaya gardama a kan jaka, ya bi layin kujeru kamar wanda aka haifa a cikin jirgin, bai tsaya ba sai bayan fiffike na hannun hagu. Nan ya faɗa kujerar taga, ya ɗaura bel tun ba a ce a ɗaura ba, ya manna goshi da gilashi. Ga injuna biyu na wannan ɓangaren a rataye, kowanne ya kai rumbu girma. Fentin fiffiken ya koɗe, an yi masa faci nan da can. Shi dai bai taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba.

A kasuwar Daura gyaran janareta yake yi, amma ba wanda ke kiransa da sunan sana'arsa. Kyaftin ake ce masa, da zolaya, don ko keken hawa bai cika iya tuƙawa ba. Tun yana yaro yake haɗa jirgin kara, ya girma bai daina ba, sai dai ya koma kallonsu a waya. Duk shekara in an fara jigilar alhazai sai ya rufe shago, ya hau mota zuwa Katsina, ya tsaya bayan wayar filin jirgi yana jiran wannan tsohon jambo mai bene da doro a ka ya tashi. Matarsa Ummukulsum, uwar 'yarsu Raihana, takan ce in ana nemansa a gida, a duba sama. To yau ga shi a ciki, gemu ya fara furfura, karo na farko a duniya, kuma ya sami tagar da yake mafarki: wadda za ka ga fiffike yana buɗewa lokacin tashi da lokacin sauka.

Wani ƙaton mutum ya zube a kujerar kusa da shi har ta yi ƙara. Ya ce sunansa Ɗantsoho, falken shanu daga Mashi. Gumi yake yi duk da sanyin jirgin.

"Malam, wannan abin kuwa zai iya ɗaukar mu duka?"

"Har da shanunka," in ji Mainasara, bai ko waiwayo ba.

Sai ya ji muryar wata jami'ar alhazai tana tahowa tana cigiya: "Ina muharramin Kande Mai'adua? Wane ne muharramin Kande?"

Shi ne. Kande surukarsa ce, uwar Ummukulsum, kuma Ummukulsum 'yar fari ce. A takarda an rubuta shi muharraminta, shari'a ta yarda, malamai sun yarda. Amma fiye da shekara ashirin da auren nan bai taɓa kallon tsabar idonta ba. In ya je gaisuwa a ƙofar ɗaki yake durƙusawa, ita tana amsawa daga bayan labule. Ya yi zaton mata za a tara su wuri ɗaya a gaba, shi ya sa ya yi wuf ya shige.

Ya ɗaga hannu kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Jami'ar ta kawo tsohuwar, ta nuna mata kujerar bakin hanya, ta yi gaba. Kande ta ga wanda ke zaune a lungu. Ta juya baya, ta ja hijabi, ta tsaya cak. Layi ya cushe a bayanta, ana ta "a matsa mana, Hajiya."

Ɗantsoho ya dube ta, ya dube shi, nan take ya gane.

"Suruka ce? Haba malam! Ai sai ka fito. Mace lungu, ko a motar kasuwa haka ake yi. In ta zauna a bakin hanya ka tashi kama ruwa, ƙafarta za ka tsallake?"

Me zai ce? Gaskiya ce tsagwaronta, ita ce ma ta fi ciwo. Ya kwance bel ɗin da ya ɗaura da zumuɗi, ya fito kansa a ƙasa, ya rusuna.

"Sannu, Inna."

Ta amsa wa bangon jirgi, ta shige lungu. Ɗantsoho ya koma tsakiya, Mainasara ya sami bakin hanya.

Da farko ya lallashi kansa. Ai tagar tana nan, leƙe kawai zai yi. Jirgi ya ja baya, injuna suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ya ji su a ƙashin bayansa. Ya karkata wuya. Abin da idonsa ya fara cin karo da shi shi ne fuskar surukarsa, daidai da tagar, ba ko tazarar ɗan yatsa. Ba yadda za a yi mutum ya kalli ɗaya bai kalli ɗayar ba. Ta ɗan motsa, ya yi sauri ya mayar da ido kan takalminsa. Inna lillahi! Wato duk wannan jiran, takalmi ya zo kallo.

Haka jirgin ya tashi. Akwatunan sama suna karkarwa, wani murfi ya buɗe da kansa, jama'a suka ɗauki salati. Ɗantsoho ya runtse ido ya damƙe hannun Mainasara kamar zai karya shi.

"Mene ne wannan ƙarar?"

"Tayoyi ne suka shige ciki."

"Wannan fa?"

"Fiffike ne ke naɗewa."

"Ka gani da idonka?"

Haushi ya cika Mainasara har wuya, ga shi ba wanda zai yi wa faɗa. Kande kuwa ta zuba wa taga ido, carbi a hannu. Ita da ba ta san inji daga tukunya ba!

Da aka kawo abinci sai wata sabuwa. Shinkafa da kaza, ƙamshi ya cika wurin, rabon Mainasara da abinci tun kokon sansanin alhazai. Amma wane mara kunya ne zai buɗe baki yana tauna a gaban surukarsa? Ya ce ya ƙoshi. Kande ma ta ce wa Ɗantsoho ba ta jin yunwa, alhali tun safe ruwa kawai ta sha. Ɗantsoho, wanda tsoro bai taɓa cikinsa ba, ya ce almubazzaranci haramun ne, ya jera faranti uku a gabansa ya yi bismilla.

Da aka kashe fitilar bel Mainasara ya miƙe neman wata tagar. Ko'ina a cike. Waɗanda suka sami taga rabinsu sun ja murfi sun yi barci, kai ka ce da gayya. Ya je gindin matakalar bene, inda ya daɗe yana son ya taka ko sau ɗaya, ya tarar an gitta igiya, wani mai babbar riga ya ce sama ta manyan jami'ai ce. Ya koma can baya. Akwai 'yar taga a jikin ƙofa, amma layin bayan gida ya tokare ta, wani dattijo kuma ya jingina da ita yana jan carbi.

A nan ya haɗu da wani ma'aikacin jirgi mai furfura, sunansa Jibril a rubuce a ƙirji, yana shirya kofuna. Mainasara ya tambaye shi shekarun jirgin. Jibril ya yi dariya.

"Ya girmi yaran nan da ke raba abinci. Kai ma mai son shi ne ke nan? To ka kalle shi da kyau, Alhaji. Ku ne sahun ƙarshe. Da mun sauke ku za a wuce da shi inda ake kwance su, a sayar da ƙarafan. Sabo ne zai dawo da ku, mai inji biyu."

"Ba zai ƙara tashi da mutane ba?"

"Ya gaji. Ni ma na gaji."

Sai jirgin ya yi wata girgiza, kofuna suka zube, fitilar bel ta kama. Jibril ya kora kowa mazauninsa.

Mainasara ya koma kujerarsa ya zauna. Saura sauka kaɗai ke nan, daga ita babu wata. Bai san yana magana a fili ba sai da ya ji kansa yana gaya wa Ɗantsoho komai, murya ƙasa-ƙasa: wayar filin jirgin Katsina, shekarun da ya yi yana tsayuwa a rana, yadda ake cewa fiffiken wannan jirgin in zai sauka yakan buɗe hawa-hawa har ka hango ƙasa ta tsakaninsa, da yadda za a yanka shi a sayar kamar tsohuwar mota. Ɗantsoho yana gyaɗa kai yana sakace haƙori.

"Allah sarki. Ai haka tsohon sa yake, in ya gama noma sai mahauta."

Rana ta yi sanyi lokacin da hancin jirgin ya fara sunkuyawa. Aka yi sanarwa da Larabci da Turanci, sannan muryar Jibril ta fassara: an kusa Madina, waɗanda ke hannun hagu su duba, in Allah ya yarda za su hango hasumiyoyin Masallacin Annabi. Jirgi ya kaure da salati. Na tsakiya suna miƙa wuya, wata mata a baya ta fashe da kuka. Kande ta matsa jikin gilashi. Ba wanda bai san abin da ya fito da tsohuwar nan daga Mai'adua ba. Awakinta kaf ta sayar, ta ce ko ganin garin nan kaɗai ta yi ta mutu, ta gode Allah.

Sai ta janye daga tagar. Ta yi gyaran murya, ta yi wa Ɗantsoho magana ba ta dube shi ba.

"Bawan Allah, ka ce wa uban Raihana ni barci zan yi. Jiri nake ji."

Ta jingina da kujera sosai, ta jawo hijabi ta rufe fuskarta ruf, har haɓa.

Ɗantsoho bai isar da saƙon ba, don ya riga ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ya sani. Ba a ma buƙata. Taga ta fito fili, ba kowa a gabanta. Mainasara ya kwanto a kan tumbin Ɗantsoho iya inda bel ya bar shi.

Ga shi nan. Bayan fiffiken ya zazzago a hankali, ya rabu, ya sake rabuwa, wani ƙarfe yana fitowa daga cikin wani, har ya hango jajayen duwatsu suna gudu ta tsakanin tsagogin. Bakin fiffiken yana lanƙwasa yana dawowa kamar reshe a iska. Jirgin ya karkata hagu, jama'a suka ɗauki kabbara gaba ɗaya, shi kuwa idonsa na kan wani ɗan ƙarfe a fiffiken da ke ɗagawa yana komawa, yana gyara tsohon jirgin a kan hanyarsa. Tayoyi suka daki ƙasa. Wasu faifayen ƙarfe suka miƙe tsaye a kan fiffiken, injuna suka yi ruri na ƙarshe, komai na ciki yana kaɗawa. Bai san lokacin da hawaye suka jiƙa masa gemu ba.

Jirgi ya tsaya, mutane suka miƙe suna rige-rigen jaka. Ɗantsoho ya buɗe ido, ya shafa jikinsa ya ji yana nan, ya yi hamdala da ƙarfi. Kande ba ta motsa ba.

"Hajiya, a farka, an iso," in ji Ɗantsoho.

Daga ƙarƙashin hijabin muryarta ta fito tar, ba alamar barci ko na sisin kwabo.

"Ka tambaye shi ko ya gama."

Mainasara ya koma kujerarsa da sauri ya sunkuyar da kai. Ta yaye fuskarta, ta gyara ɗaurin hijabi, idonta a kan bayan kujerar gaba.

"Ka tambaye shi, ya ga Masallacin? Yaya yake?"

Sai a lokacin ya tuna da kabbarar da aka yi. Ƙarya dai ba za ta yiwu ba, a wannan garin, ga wannan matar. Gaskiyar kuma ta ƙi fitowa. Ɗantsoho ya juyo, ya ga jiƙaƙƙen gemu da jajayen idanu, ya kama baki.

"Allahu akbar! Hajiya, ba sai ya faɗa ba. Ya gani. Wallahi kuka yake yi."

Kande ta share gefen idonta da bakin hijabi.

"Alhamdu lillahi. Tunda ɗayanmu ya gani, ai mun gani. Ka ce masa Allah ya yi masa albarka."

"Ka ji, malam. Ka ce amin mana."

"Amin," in ji Mainasara, can ƙasa.

Ya miƙe ya sauko mata da jakarta, ya tsaya a bakin hanya ya tare mutane har ta fito ta wuce gaba.