Littafin Abubuwan da Ba Su Faru Ba

Ni Tapfumaneyi Gwenzi, na koyi rubutu ina da shekara sittin da ɗaya, a ajin manya na cocinmu da ke wajen Rusape. Na zaci wasiƙu zan riƙa rubutawa. Ashe tsorona zan rubuta.

Tun ina saurayi nake da damuwa, amma da na tsufa sai ta zama sana'ata. In an yi ruwa, masara za ta ruɓe. In ba a yi ba, za ta bushe. Kafaɗuna kullum a ɗaure, gabana na faɗuwa ba dalili. Kirarin zuriyarmu kuwa Shumba ne, wato zaki. Matata takan ce, "Sannu Shumba, zakin da tarin kaza ke hana cin tuwon sadza."

Da 'yarmu Rumbidzai ta samu cikin fari a Harare, ya kamata bisa al'ada mijinta ya dawo da ita gidanmu ta haihu, da akuya a hannunsa. Ni kuwa na shiga kiran wayarta sau tara a yini, ina tambaya ko jaririn na motsi.

Rannan ta ce, "Baba, in ka ƙara kirana a kan wannan, a nan zan haihu. Ka sa ni ma na fara jin tsoro."

Matata ta ja ni asibitin garinmu. Nas ta auna ni ta ce zuciyata lafiya lau, abin da ke damuna ciwo ne na yawan damuwa, kuma ana warkewa. Akwai ƙwayoyi in ta kama, amma in fara da zaman benci, wato hira da mai ba da shawara. A kan bencin na tarar da Ambuya Marwei, wata tsohuwa da aka horar don irinmu. Tana kirana Sekuru, wato kaka. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta miƙo mini littafi.

"In damuwa ta zo, rubuta ta, ka ce ta jira ƙarfe biyu. Daga biyu zuwa biyu da rabi, ka damu iyakar ƙarfinka. Sai ka rufe."

"In ta ƙi jira fa, Ambuya?"

"A gidanka baƙo ne ke sa lokacin cin abinci, Sekuru?"

Makon farko na yi shi ne cikin fargabar kada in makara. Bayan mako uku muka karanta littafin tare da matata. Abu hamsin da takwas na rubuta, biyu suka faru: haƙorina ya fita, kaza ta mutu.

Matata ta ce, "Kazar ma ni na yanka, Baban Rumbi. Kai ka ci cinyar."

Ranar zuwan Rumbidzai na damƙa wa matata wayata, ta ɗaure ta a bakin zane. An ce motarsu za ta iso da tsakar rana. Ƙarfe ɗaya ba su zo ba. Na rubuta taya, na rubuta gada, na rubuta direba mai maye. Sau biyu na miƙa hannu neman wayar, matata ta kawar da kai. Ƙarfe biyu na zauna gindin mangwaro na damu yadda ya kamata, har gumi ya jiƙa rigata. Biyu da rabi na rufe littafin, na riƙa jan numfashi a hankali kamar yadda aka koya mini. Tsoron bai tafi ba. Ya dai zauna gefena, ni kuma ban bi umarninsa ba.

Sai ƙarfe huɗu suka shigo, ita a gaba, mijin na jan akuya. Ta durƙusa ta tafa hannu kamar yadda muke gaisuwa, sannan ta ƙura mini ido.

"Baba, lafiya? Tun safe nake duba waya. Har na fara damuwa."

Na ce, "Rubuta, 'yata. Gobe ƙarfe biyu sai mu zauna tare."

Akuyar dai na lura tana ɗan ɗingishi. Na rubuta.