Na Hamsin da Uku

Shekara goma sha tara Wendell Strickland ya yi a kulob ɗin ƙwallon Amurka na garinsu, kuma a takarda aikinsa kula da kayan wasa ne: riguna, takalma, hulunan kwano. Amma a makon ƙarshe na Agusta ba mai kiransa mai kaya. A wannan makon sunansa Mahauci. Da 'yan wasa casa'in ake shiga sansanin atisaye, hamsin da uku kawai doka ta yarda a riƙe, kuma duk wanda za a sallama Wendell ake aikawa ya taɓa masa kafaɗa. Magana ɗaya yake faɗa, bai taɓa canja ta ba: "Manaja na son ganinka. Taho da littafin dabarunka." Sai ka ga ƙato mai wuya kamar turmi ya hango wannan tsoho mai ɗingishi, ya faɗa banɗaki ya murɗa makulli.

Daga Lahadi zuwa Talata ya faɗi maganar nan sau talatin da bakwai. Ƙarfe huɗu na yammacin Talata aka rufe sallamar, manajan kulob, Mista Haverkamp, ya miƙo masa sunayen waɗanda suka tsira domin ya buga musu alluna a ɗakin sauya kaya. Wendell ya bi takardar da yatsa har ƙasa. A layin ƙarshe, na hamsin da uku, ya ga Tavion Gadsden. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

Tavion ɗan wani ƙaramin gari ne a Alabama, shekararsa ashirin da shida. Kulob biyu sun riga sun sallame shi a irin wannan makon, tsakanin nan kuwa lodin kaya yake yi a wani sito. Ba tauraro ba ne. Aikinsa a fili shi ne idan an buga ƙwallo ya ruga a guje ya yi karo da duk wanda ya cafe ta, aikin da ba a tafa wa kowa sai ranar da ya karye. Shi kaɗai ne cikin casa'in ɗin nan yake ɗaukar farantinsa ya zauna kusa da Wendell a ɗakin cin abinci, har a makon yanka. Baba yake ce masa.

Wendell ya same shi zaune gaban kabad ɗinsa, ya riga ya ɗaure jaka. Da ya ji hannu a kafaɗarsa bai ko waiwaya ba, sai ya miƙo littafin ta baya.

"Ga shi, Baba. Na hutar da kai, ba sai ka faɗa ba."

"Riƙe abinka, sarkin gaggawa. Matsa min in buga allo."

Tavion ya juyo. Ya ga allon da sunansa, ya ga sukundireba a hannun tsohon.

"Baba, kada ka yi min wasa da wannan. Don Allah."

"Ka taɓa ganin na yi wasa? Dubi fuskar nan."

Yaron ya durƙushe ya rufe kai da tawul. Da ya ɗago sai ya ce, "In kira Mama? Tun watan jiya kayanta ke ɗaure. Na ce mata ranar da na samu wuri ba za ta ƙara kwana a can ba. In ce ta taho?"

To, a nan ne Wendell ya yi abin da mai shekara goma sha tara a wurin bai kamata ya yi ba. Ko ɗan shara a ginin nan ya san hamsin da ukun Talata ba su ne na Laraba ba. Duk waɗanda kulob-kulob suka sallama ana zuba sunayensu wuri guda, a ba kowa zuwa sha biyun ranar Laraba ya ɗauki wanda yake so, kuma waɗanda suka fi shan kashi bara su ke fara zaɓe. Nasu kulob ɗin na uku ne daga ƙasa, duk wanda ya nuna da yatsa kusan ya samu. In aka ɗauko mutum ɗaya kuwa, dole mutum ɗaya ya fita, kuma ba daga sama ake cirewa ba. Wendell ya san wannan kamar sunansa. Amma ya dubi fuskar yaron, fuskar farko cikin shekara goma sha tara da ta yi haske don ya taɓa kafaɗar mai ita, sai daɗi ya kwashe shi.

"Kira ta, ɗana," ya ce. "Ka ce ta taho."

Washegari da safe Tavion ya shigo ɗakin kaya da kwalin cincin mai sukari, yana tafe yana rawa. Wendell na kan keken ɗinki yana ɗinka sunan GADSDEN a bayan riga mai lamba arba'in da bakwai.

"Baba, ka san abin da matar nan ta yi? Shekara ashirin da biyu tana wankin tsofaffi a gidan kula da su, shugabarta na taka ta yadda ta ga dama. Jiya ina ajiye waya ta wuce ofishin matar, ta zazzage mata duk abin da ta haɗiye tun ina ɗan ƙarami. A gaban mutane! Ta ajiye musu makulli a tebur. Ta mayar wa mai gidan haya nasa makullin, ta ɗaura 'yar tirelar kaya a bayan tsohuwar motarta, ta kamo hanya."

Ƙafar Wendell ta tsaya a kan keken.

"Ta bar aikin? Gaba ɗaya?"

"Ko a mafarki ba za su sake ɗaukarta ba. Ta kwana a hanya, ta ce da ƙarfe ɗaya tana nan. Ta dafo maka kaza da ganye, wai sai ta ga mutumin da ya ce ta taho." Ya leƙo kan rigar. "Kai, Baba, ka iya ɗinki. Ci cincin mana, ko sukarin ne ya tashi?"

Wendell ya ɗauki ɗaya ya riƙe. Yana iya cewa a lokacin, kira ta ka ce ta dakata inda take zuwa sha biyu. To ta dakata ta koma ina? Ya ci gaba da ɗinki, harafin ƙarshe ya fita a karkace.

Safiyar nan ba ta yi masa sauri ba. Ya jera takalman da ya riga ya jera, ya ƙirga safa, ya haura bene sau biyu da hujjar kai wasiƙa don ya wuce ta ƙofar ɗakin da masu farautar 'yan wasa ke zama. Ta gilashi ya hango su sun kashe fitila suna kallon hoton wani yaro mai jar riga yana gudu. Aka mayar da hoton baya, yaron ya sake gudu, aka sake mayarwa. Irin gudun Tavion yake yi, sai dai ya fi shi sauri, ko makaho ya gani. Wendell ya sauko yana riƙe da ƙarfen bene. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda ya saba gani a fuskar wasu.

Sha biyu da minti goma wayar bango ta yi ƙara.

Mista Haverkamp ba mugu ba ne, abin da ya fi ba Wendell haushi ke nan. Da mugu ne da an samu wanda za a tsana. Yana tsaye yana cin burodi da nama a kan takardu, idanunsa jawur don rashin barci.

"Mun samu yaron nan Mims, wanda aka saki a yammacin ƙasar. Shekararsa ashirin da biyu, ban san me ya shiga kansu suka sake shi ba. Jirginsa zai sauka ƙarfe huɗu, kai za ka ɗauko shi. Arba'in da bakwai yake sawa." Ya haɗiye loma. "Kawo min Gadsden."

"Yallaɓai, ba wani? Akwai masu tsaron baya har goma."

"Na duba, Wendell. Tun asuba nake dubawa."

"Uwarsa tana hanya. Ta bar aikinta, ta bar gidanta."

Haverkamp ya ajiye burodin. "Tun kafin Laraba? Wane mara hankali ne ya ce ta taho?"

"Ni ne."

Manajan ya dube shi ya daɗe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"In ba wanda ya ɗauke shi zuwa gobe, zan ga ko akwai gurbi cikin 'yan taya atisaye. Ban yi alkawari ba, na riga na yi wa wasu. Kuma kai ma kada ka yi masa."

Tavion yana ɗakin ɗaga ƙarfe, yana tsokanar wani ƙato a kan tumbinsa. Wendell na shigowa ɗakin ya yi tsit. Mutanen da suka gaishe shi da fara'a da safe suka sunkuyar da kai, kowa na addu'ar ɗingishin nan ya wuce shi. Tavion kaɗai ya ɗaga hannu.

"Baba! Zo ka gaya wa wannan buhun masarar—"

Hannun ya sauka a kafaɗarsa.

"Manaja na son ganinka," in ji Wendell. "Taho da littafin dabarunka."

Tavion ya yi dariya. Ya duba fuskokin mutane yana neman wanda zai taya shi, bai samu ba.

Minti shida ya yi a ofis. Kafin ya sauko Wendell ya kwance allon, ya zuba kayan kabad ɗin a baƙar ledar shara, don haka ake yi, jakar kulob ta kulob ce. Ya ɗauki ledar da kansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya bi yaron har filin ajiye motoci. Rana ta take, kwalta na tururi. Suka tsaya a inuwar wata motar kaya.

"Jiya ka sani?" in ji Tavion. Bai ɗaga murya ba.

"Ban san za su ɗauki kowa ba."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka san ana yi?"

"Na sani."

"Sau nawa ka gani?"

Wendell bai buƙaci ƙirgawa ba, yana riƙe da sunayensu duka. "Goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya." Tavion ya gyaɗa kai a hankali. "Ni sau biyu aka kore ni, duk ran Talata, ban taɓa kaiwa Laraba ba balle in san abin da ke cikinta. Shi ya sa na tambaye ka. Ba koci na tambaya ba, ba wakilina ba. Kai na tambaya, Baba. Me ya sa?"

Akwai amsoshi masu sauƙi, Wendell ya bar su.

"Shekara goma sha tara duk wanda na taɓa sai ya yi kuka. Na so sau ɗaya in kawo wa mutum abin daɗi, in tsaya in kalla har ƙarshe. Don kaina na yi, ɗana. Ba don kai ba."

"Kada ka ƙara ce min ɗanka."

Wayar Tavion ta yi ƙara. Ya dubi sunan, ya bar ta tana yi har ta gaji. Ba zai gaya mata tana tuƙi da tirela a baya ba. Ba a jima ba kuwa suka ji hon, dogo, sau uku. Wata tsohuwar mota ruwan toka ta shigo ta ƙofar da mai gadi ya buɗe, tana jan tirela da katifa ɗaure a sama, ƙafafun kujeru sun leƙo ta ƙarƙashin tamfol. An rubuta 47 da farin fenti a gilashin baya.

Misis Odessa Gadsden ta fito da ƙyar, ƙafafunta sun kumbura da zama. Gajeriya ce, ta sa hular zuwa coci. Ta rungume ɗanta tana dukan bayansa tana kiran sunan Ubangiji, sannan ta sake shi ta juyo.

"Wannan ne shi? Kai ne Mista Wendell?" Ta kama hannunsa da hannu biyu. "Bawan Allah, tun Yuli nake jin sunanka. Na ce wa Tavion, in dai dattijon nan ne ya ce in taho, ba sai na tambayi kowa ba. Tsaya, kazarka na cikin kula, kada ta huce." Ta hango baƙar ledar a ɗaya hannun nasa. "Af, shara za ka zubar muka tsare ka? Tavion, karɓar masa mana, wane irin rashin tarbiyya ne wannan?"

Tavion bai motsa ba. Idonsa na kan katifar da ke saman tirela.

"Mama, ba shara ba ce," ya ce. Sannan ya dubi Wendell, karo na farko tun da suka fito. "Gaya mata. Ai aikinka ne."

Matar ta dubi ɗanta, ta dubi tsohon, murmushin bai gama barin fuskarta ba. Har yanzu tana riƙe da hannunsa. Wendell ya laluba cikin kansa, ya tarar magana ɗaya ce kawai ya iya, ita kuwa ba a yi ta domin uwa ba. Ya ajiye ledar a kan kwalta, ya cire hularsa.

"Madam," ya ce, "ni ne na ce ki taho."

"Na sani mana," in ji ta. "Ai shi ya sa na zo."