Cokali Biyu na Sukari

Shekara arba'in da huɗu Marlys tana dafa wa mijinta gahawa, kuma ko daga barci aka tashe ta aka tambaye ta yadda yake shanta, ba sai ta buɗe ido ba za ta faɗa: baƙa ƙirin, ba madara, ba sukari. Haka mahaifinta ya sha har ya koma ga Allah, haka ta miƙa wa Duane a safiyar farko ta aurensu, ya kurɓa ya ce ta yi daɗi. Kullum dai yakan bar saura a gindin kofi, ita kuma ta zubar. Ta ɗauka halinsa ne kawai, kamar barin takalmi a tsakiyar hanya.

Tafiyar nan ma ita ta matsa a yi. Duane ya shekara talatin da ɗaya yana jan tirela tsakanin Fargo da Seattle, yau shekara tara da yin ritayarsa, amma ita ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin hanyar da ta cinye mata miji ba. Suka sayi tsohuwar mota mai gado da murhu a ciki, suka kulle gida, suka yi yamma.

A rana ta uku da hantsi, cikin jihar Montana, Duane ya rage gudu gaban wani ɗan gidan abinci a bakin titi.

"Fankensu ba laifi," ya ce, kamar maganar ba ta dame shi ba.

Sai dai kafin ya fita ya leƙa madubi ya gyara ɗan gashin da ya rage masa. Marlys ta gani, ta ajiye abin a ranta.

Suna shiga, wata mata mai furfura da jan baki ta ɗago daga bayan kanta, ta dafe ƙugu.

"Wa nake gani kamar Duane? Ashe kana raye, tsohon banza."

"Ke ma ba ki mutu ba, Darlene? To wa zai ci gadon tukunyar gahawar nan?"

Mutumin da a gida sai a wuni bai haɗa magana uku ba, shi ne yake dariya har da buga kanta.

Jikin bangon duk ƙusoshi ne, kowace da kofi a rataye, kowane kofi da sunan direbansa. Darlene ta miƙa hannu, ba ta ko waiwaya ba, ta sauko da wani shuɗi. Marlys ta ƙare wa bangon kallo. Kofunan da ke kusa da shi duk sun yi ƙura, shi kuwa fes yake. Matar ta tsiyaya gahawa, ta zuba madara har ta yi fari, ta sa sukari cokali biyu, ta juya da hannunta, ta tura masa. Ba ta tambaye shi komai ba.

Marlys ta jira ya ture kofin. Ya ɗauka da hannu biyu ya lumshe ido. Ya shanye tas, har da ɗaga kai, ya miƙa a ƙara.

Kishi ya turnuƙe ta, irin wanda ta ɗauka ta wuce shi tun tana da ƙuruciya. A shekara sittin da takwas, da gwiwa mai ciwo da tabarau a hanci, ga ta zaune tana jin zafin wata tsohuwa a kan cokalin sukari.

"Ke fa, 'yar'uwa, yaya kike sha?" in ji Darlene.

"Baƙa."

"Au, ke ce Marlys. Mai gahawar nan da cokali ke tsayawa a cikinta da ƙafarsa. Mun sha labarinki."

Da fara'a ta faɗa, ba da wata manufa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ashe shekara da shekaru gahawarta abin raha ce a nan. Duane ya sunkuyar da kai yana yanka fanke kamar an ba shi aiki.

Suka koma mota, suka yi tafiyar mil arba'in. Duwatsun da ta yi shekaru tana marmarin gani suna ta wucewa, ko kallo ba su ishe ta ba.

"Akwai wani abu tsakaninku?" ta ce.

"Haba, Marlys. Mijinta ne ke soya fanken a baya. Kin ga girman hannunsa kuwa?"

"Ba wasa nake ba."

"Babu komai. Ba a taɓa yi ba."

Ta yarda da shi, amma yardar ba ta rage mata komai ba. Da a ce akwai, da ta san sunan abin da ke cin ta.

"To me ya hana ka gaya mini ba ka son baƙa?"

Ya gyara riƙon sitiyari.

"Ranar farko kin tsaya a kaina kina jiran abin da zan ce. Na ce ta yi daɗi. Bayan shekara ɗaya yaya zan ce miki ƙarya na yi? Bayan goma fa?"

"Amma ita ka iya gaya mata."

"Ita tambayata ta yi."

Marlys ta laluba shekara arba'in da huɗu kaf tana neman safiya ɗaya da ta tambaye shi, ba ta samu ba. Haushinsa da take ji bai tafi ba, sai dai ya samu abokin zama: haushin kanta.

Da suka tsaya shan mai ta shiga kanti ita kaɗai, ta fito da leda ba ta ce masa ga abin da ke ciki ba.

Washegari da safe, a filin da matafiya ke yada zango, ta kunna murhu ta dafa gahawa. Ta zuba madara, ta sa cokali biyu, ta juya da ƙarfi har cokalin yana ƙara, ta dangwarar masa da shi a kan tebur.

Duane ya dubi kofin, ya dube ta. Ya sha a hankali, ita kuma ta ba shi baya tana goge murhun da ba abin da ya same shi.

Da ya fita duba tayoyi ta ɗauki kofin ta kai wurin wanke-wanke, ta karkata shi don ta zubar da saura kamar kullum. Ko ɗigo bai fito ba. Ta tsaya da shi a hannu tana tunanin sau nawa Darlene ta wanke kofin Duane babu komai a ciki. Ita yau ne karonta na farko.